Falle na Goma da Na Ɓoye Maka, Firmin

Rai na Allah ne. Aro ya ba mu, ga shi kuma ya aiko ya karɓi na aminina. Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Firmin Delcourt ya rasu a wani asibiti da ke kudancin Paris, bayan jinyar kwana goma sha tara ta ciwon huhu. Shekarunsa saba'in da tara. Ya bar matarsa Maryvonne, da 'ya'ya biyu, Clotilde da Aubin, da jikoki huɗu. An yi masa addu'a ranar Juma'a a cocin unguwarsu ta Montrouge, aka binne shi ana yayyafi.

Shugabannin ƙungiyarmu ta masu tara zanen bugun siliki suka ce ni zan rubuta ta'aziyyarsa a mujallarmu, wai don babu wanda ya kai ni kusanci da shi. Gaskiya suka faɗa. Na amsa, amma sai na fara da abin da ba su sani ba, in ya so su buga ko su yaga. Firmin, abin da ka shekara talatin da bakwai kana nema, falle na goma na kundin Bastidas, yana gidana. Yana nan tun watan Nuwamba na 2013. Ni nake raka ka nemansa duk Asabar, ni nake riƙe maka lema, kuma ban buɗe baki na faɗa maka ba har ka bar duniya.

A shagon wani mai haɗa firam na fara ganinka, cikin bazarar 1986. Ni a lokacin malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Na sayi zanen bugun siliki na farko a rayuwata, wasu layuka baƙaƙe da farare masu kaɗawa a ido in mutum ya gifta su. Mai shagon ya ce takardar ta fi firam ɗin tsawo, zai rage mata kamar yatsa uku daga ƙasa. Na ce ya rage. Har ya ɗora ƙarfen awo ya zaro wuƙa, sai wani ƙaton mutum cikin shuɗin kayan aiki, yana warin man inji, ya ture ni gefe ya riƙe hannun mai shagon.

Ka dube ni ka ce, "Bawan Allah, zanen nan naka ne ko tsinta ka yi?"

Na ce nawa ne.

"Naka ne, ka tsaya ka saki baki ana shirin yanke masa ƙafa? Duba nan. Wannan rubutun fensir ɗin sa hannun mai zanen ne. Wannan kuma lambarsa ce, na sha takwas cikin guda ɗari da aka buga. In aka yanke su me ya rage maka? Takardar naɗe kifi!"

Mai shagon ya kore mu mu biyu. A bakin titi ka tambaye ni sunana da sana'ata, na ce Anselme Roubaud, malamin makaranta. Daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinka ba, sai Farfesa. Ni kuma na rama da Injiniya, don aikin lantarki kake yi a ma'aikatar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Duk abin da na sani a wannan harka a hannunka na koya. Kai ka nuna mini yadda ake ɗaukar falle da hannu biyu, ta kusurwa da kusurwa, kada ya karye a tsakiya. Kai ka kai ni wurin masu bugu na ga yadda ake ɗaure yadin siliki a katako, a zuba tawada, a ja ta da hannu ta ratsa yadin ta zauna a kan takarda, a jira ta bushe, sannan a koma wa launi na gaba. Zane mai launi sha biyu, sau sha biyu za a ja shi. In aka goce da ko kaurin gashi ne, layukan ba za su ƙara motsi a ido ba. Kakan karkatar da falle wajen taga ka ce in duba yadda tawadar ta yi tudu, launi bisa launi, sannan ka yi maza ka mayar da shi durowa, don a wurinka hasken rana ɓarawo ne da ke shiga gida kowa yana kallo. Har yau ban iya barin labule a buɗe ba.

Alherinka ba zai lissafu ba, kuma ba ka son a ambata. Masu zanen nan na zamanin ƙuruciyarmu da yawa sun bar sassaƙe-sassaƙe masu juyawa da ƙaramin inji, sun mutu sun bar wa matansu abin da ya tsaya cak yana tara ƙura. Kai kake zagayawa da jakar kayan aikinka ranar Lahadi, ka kwance, ka sake naɗa waya, ka ɗiga mai, har abin ya dawo yana juyi. Na tuna wata tsohuwa a unguwar Belleville da aikin mijinta ya shekara sha huɗu bai motsa ba. Da faifan ya fara juyawa ta fashe da kuka, kai kuma ka sunkuya wai kana neman noti a ƙarƙashin tebur, alhali noti yana aljihunka. Kofin shayi kawai ka karɓa a gidan. Akwai kuma ranar da wani saurayi ya baje kayan kakansa a kasuwa yana sayar da bugu na asali a farashin kalanda. Mu huɗu muka gani, uku muka yi shiru muna laluben aljihu. Kai ka ce masa ya tattara ya tafi gida, ka rubuta masa sunan wanda zai gaya masa gaskiyar abin da ke hannunsa. Mun yi mako biyu muna jin haushinka.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, don za ka ƙaryata ni. Ba ka taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Kana cin tafarnuwa kamar gyaɗa. Taurin kanka kuwa, Maryvonne kaɗai ta san iyakarsa.

Taurin kan nan shi ya haɗa ka da kundin. Wata Asabar cikin 1988, a kasuwar tsofaffin kaya ta Vanves, ka zaro wani lebur ɗin akwati mai rufin yadi daga ƙarƙashin tarin jaridu. Aikin Nicanor Bastidas ne, mutumin Venezuela da ya zo Paris yana saurayi ya mutu a nan ba a san shi sosai ba. Falle goma ya zana, aka buga kundi saba'in da biyar. Wannan akwatin shi ne na arba'in da ɗaya, amma falle uku kawai suka rage a ciki. Wani dillali ne ya farke shi tun da daɗewa ya sayar ɗai-ɗai. A takardar farko Bastidas ya rubuta cewa a jera su goma a layi, mutum ya taka a hankali daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, zai ga da'ira tana mirginawa tare da shi har ta isa inda za ta tsaya.

Ka rungume akwatin har gidan kofi, ka ce sai ka tattaro bakwai ɗin da suka ɓace. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, fallayen Bastidas suna fitowa a gwanjo lokaci-lokaci. Ka ce a'a, ba kowanne ba, sai masu lamba arba'in da ɗaya.

Na ce, "Injiniya, lambar nan fa ba jini ba ce. Na sha biyu da na arba'in da ɗaya tawada ɗaya ce, takarda ɗaya ce."

"Farfesa, 'ya'yan maƙwabcina ma hanci ɗaya gare su da nawa 'ya'yan. Sai in je in kwaso su ke nan?"

Wanda ba ya cikinmu zai ce hauka ne. Mu mun san kundi ba ya cika sai lambobinsa sun zo ɗaya, amma ko a cikinmu ban ga wanda ya ɗauki abin da zafi kamar kai ba. Ka rubuta wasiƙu sun fi ɗari uku. Falle na biyar ka tsince shi rataye a ɗakin jiran wani likitan haƙori a Lyon, sai da ka bari ya cire maka haƙorin turmi kafin ya yarda ku yi magana. Na bakwai yana hannun wata gwauruwa a Rotterdam da ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta rabu da shi ba. Ba ka matsa mata ba. Duk sabuwar shekara kana aika mata kati da gaisuwa, shekara tara, har ta rasu ta bar wasiyya a kawo maka. Zuwa 2009 kana da tara, saura na goma.

Ka kuma ɗaura wa kanka wata doka. Na goma na wasu lambobin yana nan a gidajen mutane, har hotonsa yana cikin littattafan gwanjo, amma ka rantse ba za ka kalle shi ba sai naka. In muna buɗa littafi muka kusa shafin, sai ka rufe ido ka ce in wuce. Shi ya sa har ka mutu ba ka san inda da'irar ta tsaya ba.

Maryvonne 'yar bakin teku ce, daga wani ƙauye a Bretagne. Ba ta taɓa son Paris ba, haƙuri kawai take yi. Iyayenta sun bar mata ɗan gida mai lambu, kuma tun da ka yi ritaya take roƙonka ku koma. A gabana ka yi mata alkawari, muna cin miyar albasa a teburinku. Ka ce ranar da na goma ya shiga akwati, washegari za ku fara ɗaure kaya, ka bar kasuwa da gwanjo har abada, ka je ka shuka mata dankali. Ta ce ta ji, ta sa ni shaida. Muka yi dariya.

Cikin Afrilu na 2013 matata Huguette ta rasu. Ba mu haihu ba, ba ni da kowa a garin nan. Na rufe ƙofa, na daina aske gemu, na daina ɗaukar waya. Asabar ta uku ka zo ka dinga bugun ƙofa har maƙwabta suka leƙo. Da na buɗe, ba ka yi mini wa'azi ba. Ka miƙo mini kwat ɗina ka ce ana jiranmu a kasuwa, ba ka da mai riƙe maka gilashin ƙara girman rubutu. Haka ka riƙa yi mako bayan mako. Kwana shida ina zaune a ɗaki da shiru, ranar Asabar in zama mutum. Ka ceci raina, Firmin, yanzu ka ji abin da na saka maka da shi.

A watan Nuwamba na je Rouen kai wa ƙanwar Huguette wasu kayanta. Kafin lokacin jirgi na shiga wani shagon tsofaffin littattafai don in fake wa ruwa. A cikin kwalin taswirori na gan shi. Falle na goma ne, na zaro shi da hannu biyu. Da na duba ƙasan takardar, ga lambar da fensir, siriri kamar jiya aka rubuta: arba'in da ɗaya cikin saba'in da biyar.

Bari in faɗa maka yadda yake, tunda ba ka taɓa gani ba. Ka sha cewa ja ne zai cika takardar. Ba haka ba ne. Da'irar ta dawo tsakiya, layukan da suka yi ta rikici a fallaye tara duk sun kwanta sun miƙe, shuɗi mai duhu a kan toka-toka. Ja ɗin ɗigo ɗaya ne kawai, bai kai ƙwayar wake ba, a can ƙasa ta hagu. In ka tsaya a gabansa ba ya motsi ko kaɗan. Sai ka juya za ka tafi, sannan ka ga ya bi ka da wutsiyar ido.

Na fito da waya a bakin shagon, har na nemo sunanka. Sai na ga gidan Bretagne a raina, na ga motar kwasar kaya a ƙofarku, na ga Asabar ta zo ba wanda ya buga mini ƙofa. Na mayar da wayar aljihu. Na ce wa kaina zan ba ka ranar Kirsimeti, ya fi armashi. Kirsimeti ta wuce na ce sai ranar haihuwarka. Daga nan na daina sa wa kaina rana. Ka san kowace durowa a gidana, don mu ba ma rufe wa juna durowa, saboda haka na naɗe shi a takarda mai kyau na sa shi a kabad ɗin Huguette, bayan rigunanta, inda na san kunya ba za ta bar ka ka duba ba. Da mutuncinka na yi amfani na cuce ka.

Shekara goma sha ɗaya da wata biyu. Na raka ka Basel, na raka ka Milan, na raka ka Lille sau uku. Na zauna kusa da kai a jirgi muna cin burodi da cuku kana zana mini a bayan tikiti yadda kake tsammanin zai kasance. Na ga gashinka ya gama fari. Na ga ka fara tsayawa a tsakiyar matakala kana neman numfashi. Na ga Maryvonne ta daina ambaton teku. Kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne na ji daɗin waɗannan Asabar ɗin, ɗaya bayan ɗaya.

Farkon watan Janairu wani dillali a Antwerp ya bugo maka waya, ya ce ya samu na goma, lambar ta ɗan goge amma kamar arba'in da ɗaya ce. Likita ya riga ya hana ka fita cikin sanyi. Maryvonne ta kira ni ta ce in hana ka, ni kaɗai kake jin maganata. Kalma huɗu kawai ake bukata daga bakina: ba shi ba ne. Amma in na faɗa za ka tambaye ni yadda na sani. Na ce mata kada ta damu, zan kula da kai. Muka tafi ranar Asabar, sha ɗaya ga wata. Ka rufe ido, ni na duba lambar: arba'in da bakwai ce. A hanyar dawowa jirgi ya makara, muka yi sa'a biyu a tasha iska tana shiga har ƙashi, kana tari kana ba ni haƙuri wai ka ɓata mini rana. Ranar Alhamis aka kwantar da kai.

Na zo duba ka ranar Lahadin ƙarshe da rana. An sa maka robar iska a hanci, muryarka ta dushe. Ka yafito ni da yatsa, na matso.

"Farfesa, ni dai na gaji. Kai za ka ci gaba. Idonka ya fi nawa, ka fi ni haƙuri. In ka same shi, ka sa shi a akwatin da hannunka, ka jera su, ka taka a madadina. Ka ji?"

Na ce na ji.

Abin da na iya faɗa ke nan. Maganar fallen tana raina, ga ka nan a kwance, ga kunnenka kusa da bakina, na ce na ji. Na koma gida na ciro fallen, na yanka kwali biyu na ɗaure shi a tsakani. Litinin na ɗauka har bakin ƙofa na dawo. Talata da safe na sa kwat, na ce yau ko me za a yi sai na kai. Ina ɗaura igiyar takalmi Clotilde ta bugo. Ta ce, "Kawu Anselme, Baba ya tafi."

Kwana takwas bayan jana'iza na ɗauki fallen na tafi Montrouge. Na iske Maryvonne ita kaɗai, akwatin Bastidas yana kan teburin cin abinci, ta fara naɗe kofuna a jarida. Na ajiye kwalin na kwance igiya. Ta shekara talatin da bakwai tana jin labarin lambar nan, ba ta bukaci bayani ba. Ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo Allah, yanzu ka same shi? Ya kuskure shi da kwana goma sha ɗaya kawai?" Ta riga ta buɗe mini ƙofar ƙarya, da na bi ta da har yau ina da wurin zama a gidan. Ban bi ba. Na gaya mata Rouen, na gaya mata shekarar.

Ta ja kujera ta zauna.

"Dubu biyu da sha uku," in ji ta. "Lokacin ƙafafuna suna hawa dutse. Lokacin shi ma yana iya riƙe fartanya. Da ka ce mini za ka kula da shi, abin nan yana ina?"

"Yana kabad."

"Yana kabad." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

Na durƙusa a kan tayil, ni tsoho ɗan shekara saba'in da shida. Na ce ban zo neman gafara ba, na san ban cancanta ba. Na roƙe ta ta karɓa ta sa a akwatin, ta ba Clotilde ko wani gidan tarihi, kundin ya zauna cikakke da sunanka. Ta girgiza kai. Ta ce ta riga ta yanke shawara tun kafin in zo, kuma yanzu ta ƙara tabbata. Takardun nan sun cinye mata miji, ba za ta bar su a haɗe su cinye mata 'ya ba. Za ta raba taran: Clotilde ɗaya, Aubin ya tafi Montréal da ɗaya, jikoki huɗu kowa ɗaya, ƙanwarka Léonie ta Limoges ɗaya, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe hannunka ɗaya, mai gidan burodin da ke ƙasan benenku ɗaya. Na goma kuwa in tafi da abina, tunda na iya ajiya.

Na ce to, abu ɗaya ya rage. Ga teburi, ga akwati, ga su duka goma a ɗaki ɗaya karo na farko tun kafin a haifi jikokinta. Ta bar ni in jera su minti ɗaya, in taka daga na ɗaya zuwa na goma, don haka ka umarce ni a gadon asibiti. Ta miƙe ta ɗora tafin hannunta a kan murfin akwatin.

"Shi bai gani ba, Anselme. Kai ma ba za ka gani ba."

Ta ɗaure mini kwalin da hannunta, ta raka ni ƙofa. Ranar Lahadi aka raba su.

Firmin, ba ni da inda zan kai wannan magana. Wanda na cuta ya tafi, wadda ta rage tana da gaskiya, kuma aikin da ka ba rabin rayuwarka ya watse a gari shida da ƙasa biyu saboda ni. Na je kabarinka sau huɗu, na kasa faɗin komai sai sunanka. Ni ba mai yawan zuwa coci ba ne, kai ka sani, amma yanzu ina zuwa in zauna a benci na baya, ban san me zan roƙa wa kaina ba. Saboda haka kai nake roƙa wa.

Allah ya jiƙanka, Injiniya. Allah ya yi maka rahama gwargwadon yadda ka ji tausayin bayinsa, ya haskaka makwancinka, ya hutar da ƙirjin nan da ya sha wahala. Ya gafarta maka kurakuranka, ba su da yawa. Ya ba ka ladan kowace ƙofa da ka buga har aka buɗe, har da tawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maryvonne, ko da ba za ta karanta ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya kai ki gidanku lafiya, ya ara miki shekarun da za ki zauna a lambun nan. Ga Clotilde da Aubin da 'ya'yanku, da Léonie, da dukan 'yan ƙungiyarmu, Allah ya ba mu jure rashinsa, ya sa halinsa ya bi zuriyarsa.

Ku tara ɗin da aka ba amanar fallayensa, ba ni da bakin roƙonku, amma ina roƙo. Kada ku sayar, kada ku bayar, in kun tashi daga gida ku sanar da Clotilde inda kuka koma. Na rubuta wasiyya na kai wa lauya: ranar da na mutu, a miƙa mata na goma. In kun ga dama, bayan an binne ni, ku haɗu a ɗaki ɗaya ku jera su, ɗayanku ya taka a madadinsa. Ba zan kasance a wurin ba, kuma hakan shi ne daidai.

Anselme Roubaud
Paris, Maris 2025